Ranar da Mama Jemimah Ta Nemi Bayan Layi

Duk wanda ya yi ƙuruciya a cocin Hausa na Unguwar Gabas ya san Mama Jemimah, kuma da wuya bai taɓa shan faɗanta ba. A nan Sabon Gari aka haife ta, 'yar wani tela. Tun tana budurwa aka ɗora mata mawaƙan matasa, don ga murya ga baki. Ta yi jami'a a Samaru, aka riƙe ta koyarwa a sashen ilimi. Ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu, 'ya'yan suka girma suka watse, ita dai tana nan uwar matasa.

Aikin kuwa ba na Lahadi kaɗai ba ne. Koyon waƙa, taron hutu, gaida marasa lafiya, sulhun saurayi da budurwa, duk a kanta. Ta fito daga aji hannu duk alli, ta faɗa bas, a cusa ta tsakanin buhunan albasa har Sabon Gari. Haka shekara da shekaru, digirinta na uku yana kwance rabi da rabi. Waɗanda ta koyar suka zama daktoci, ita tana nan Malama. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

A 2006 shugaban sashensu, Dakta Abdulrahim, tsohon ɗalibinta, ya kira ta ofis. Kunya ta hana shi zama.

"Malama, ki gafarce ni. An ce bana ce ta ƙarshe. In ba ki kammala ba za a soke rajistarki."

"Na ji, Abdulrahim. Zauna mana, ai kujerarka ce."

Abin ya ci mata rai. Tana son digirin nan, so na gaske, kuma ta san ba zai samu ba muddin kowace yamma tana coci.

To, a cocin nan ba a ajiye aiki. Ka ce ka gaji, dattawa su ce da wa ka gaji, da Ubangiji? Hanya ɗaya ce, a kayar da kai a zaɓe. Zaɓen kuwa na layi ne: waɗanda aka ambata su tsaya a gaba, kowa ya je bayan wanda yake so, Fasto ya ƙirga. Wane mai tsaurin ido ne zai tsallake Mama tana kallo?

Sai ta yi dabara. Ta jawo Bibiana, wata malamar firamare mai natsuwa daga Hanwa, ta yi watanni tana nuna mata aikin, ta kuma sa aka ambaci sunanta. Shirinta shi ne ranar zaɓe ita da kanta ta je ta tsaya bayan Bibiana. Ta san yaranta, inda ta tsaya nan za su bi. Ba ta gaya wa Bibiana ba, don kada ta ƙi zuwa.

Ranar ta zo. Bayan sujada Fasto Othniel ya ce a yi layi. Mama ta bar wurinta, ta taka ta tsaya ƙyam a bayan Bibiana. Can sai matasa suka taso ɗuu, suka jeru bayan Mama har bakin ƙofa. Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, har ta fara lissafin babin da za ta soma gyarawa.

Bibiana ta waiga. Kai, sai ka ce ta taka wuta! Ta zube har ƙasa.

"Mama, ni in ba ki baya? A ɗakin Allah? Allah ya kiyaye!"

"Ke, tashi ki tsaya inda kike!" Mama ta faɗa ƙasa-ƙasa, ta cafko hannunta.

Ina! Bibiana ta zame, ta zagaya a sunkuye ta shige bayanta. Layi bai motsa ba, amma yanzu Mama ce a gaba. Mata suka rangaɗa guɗa, aka hau buga ganga. Fasto na share hawaye, wai bai taɓa ganin tawali'u irin na uwa da 'yar nan ba.

Mama ta juya ta dube su, kowa baki har kunne. Haushi ya zo mata iya wuya, amma wa za ta yi wa? Ita ta koya musu ladabin nan, wasu ma da ranƙwashi. Fasto ya ce ta yi wa jama'a magana. Ta buɗe baki za ta ce ba ta so, sai ta ga Bibiana har yanzu a sunkuye bayanta, ta kasa ɗaga kai.

"Koyon waƙa ranar Laraba," in ji ta. "Kada wanda ya makara."

Ranar Litinin Abdulrahim ya tare ta a bakin aji.

"Malama, yaya maganarmu?"

"An sake zaɓe na. Ka ce musu kada su jira ni."

Ta ɗauki allinta ta shiga aji.