Na Goro a Kwanar Dangora

Shekarar da na fara koyarwa a Doguwa, wata rana motarmu ta tsaya a Kwanar Dangora, na shiga wani gidan abinci. Dattijuwa ce ta kawo mini tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina ɗaga kai na gane ta: ƙawar mahaifiyata ce tun muna Yako, ta sha goya ni ina ƙarami. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa mini albarka, ta koma bakin aikinta.

Tuwon nan da ƙyar ya shiga. Na ga direbobi suna bar wa masu kawo abinci canjinsu in za su tashi. Ni kuwa in na ajiye mata canji a kan tebur, kamar na mai da ita 'yar aikina ke nan. In kuma na fita ban ba ta komai ba, me za ta ɗauke ni, ga ni mai albashi? Kuɗin da na dunƙule a hannu har ya jiƙe da zufa.

Direba ya fara kiran fasinja. Na bi ta bayan rumfa inda take wanke kwanuka, na sake durƙusawa na ce, "Inna, ga na goro."

Ta dube ni, sannan ta goge hannu a zaninta ta karɓa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Da a gaban mutane ka ba ni, da na mayar maka."

Na yi mata sallama na koma mota, muka kama hanyar Doguwa.