Maganar da Na Ce An Yanke

Aikina a gidan rediyon nan na Nassarawa GRA shi ne sauraro. Ban wuce firamare ba, ban kuma iya kwamfuta ba, amma a cikin gari na tashi, ina gane zagi ko da an lulluɓe shi da yabo. Saboda haka aka ɗauke ni.

Bayan la'asar sojojin baka suke zuwa, mutanen da 'yan siyasa ke ɗaukar nauyinsu don su yabi nasu su soki na wani. Sai su jeru a inuwar mangwaron da ke harabar gidan, kowa ya shiga ya faɗi nasa a naɗa. Daga nan mu zauna ni da injiniya a sake kunnawa. Duk inda na ji an taɓa iyayen mutum, ko aurensa, ko asalinsa, sai in ce a tsaya, shi kuma ya yanke. Abin da ya rage shi ake sakawa a shirin.

Na ɗauki aikin da zafi, wataƙila fiye da kima. Na sha sauka daga adaidaita sahu a tsakiyar hanya in koma, don wata kalma ta tsaya mini a rai.

"Malam, kai ko sallama aka yi maka sai ka leƙa ƙarƙashinta," in ji injiniya.

Ban taɓa tambayarsa inda abin da muka yanke yake zuwa ba. Na ɗauka gogewa ake yi.

Cikin masu zuwa akwai wani tela daga Gawuna, mutum mai barkwanci, shi yake ɗinka wa 'ya'yana kayan salla. Wata rana zance ya ɗebe shi, yana sukar wani mai neman kansila a unguwarsu, har ya ambaci mahaifiyar mutumin da wata magana da ba zan maimaita ba. Matar tana raye, maƙwabciyar telan ce ma. Ya fita bai daɗe ba ya dawo, hula a hannu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Malam, don girman Allah, wannan ta tsohuwar. Shaiɗan ne. A gabanta na girma."

Na ce masa tun kafin ya kai bakin ƙofa aka cire. Ya ce in rantse. Ni ba na son rantsuwa, amma na rantse, don da idona na ga injiniya ya yanke. Na ce ya je ya kwantar da hankalinsa.

A makon ne ƙanen matata ya zo gidana yana dariya, ya miƙo mini waya. Muryar telan ce, maganar nan gaba ɗayanta, an ɗora hotonsa a kai. A saman an rubuta: abin da ba a bari kun ji ba. A shafin gidan rediyonmu aka saka. Na ce ya ja ƙasa in gani. Akwai na wani da ya zagi sirikin abokin hamayyarsa, da na wani da na cire tun kafin azumi. Duk na san su, don babu wanda ba ni na ce a tsaya a kansa ba.

Washegari na sami manaja a ofishinsa yana shan shayi. Na daɗe a tsaye ina tsara yadda zan fara don kada in yi rashin ladabi.

"Ranka ya daɗe, abin da nake cirewa na gani a waya."

"Zauna mana, Malam. Hukuma rediyo ta sa wa ido, kuma rediyonmu tsaf yake, albarkacinka. Waya kuwa, in ba mu saka ba wani zai saka."

"To me ya sa ake sa ni in cire?"

Ya yi murmushi. "Ai da ba kai ba, wa zai zauna ya tsince mana masu daɗin? Kunnenka ya fi na yaran nan."

Da gaske yake yabona, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na tambaye shi ko za a sauke na telan. Ya ce ko an sauke ya riga ya shiga wayoyin mutane.

Na tafi Gawuna. Shagon a rufe yake, na same shi a soron gidansu. Ya ce an kai ƙararsa, kuma tsohuwar ta aiko masa da atamfar da ya ɗinka mata bara, a ninke, ba tare da wani saƙo ba. Na yi masa bayanin yadda abin ya faru, ya saurara har na gama.

"Na ji, Malam. Amma da ba ka rantse ba, da tun ranar na je na durƙusa a gabanta kafin ta ji a bakin jikokinta."

Ban bar aikin ba, ina da iyali. Sai dai yanzu nakan riga kowa zuwa harabar gidan, duk wanda zai shiga in ja shi gefe in gaya masa cewa a nan ba a goge komai, ya auna bakinsa. Wasu sukan gode. Wasu kuma, na lura, sai su ƙara gishiri da gangan. Manaja bai sani ba tukuna, kuma kullum ina tunanin ko wannan ma cin amanar wanda yake biyana ne. Telan dai bai sake zuwa ba. Kayan sallar bana wani wuri na kai.