Ranar da na goya Baba a keke

A shekarun da ake tara dalar gyaɗa a Kano, ina ɗinki a wani ɗan shago a Fagge. Ban daɗe da sayen keke ba wani malamin makaranta daga Sabon Gari ya kawo mini wando in rage masa ƙafa, don sarƙar kekensa tana cin bakin wandon. Kirista ne, mutumin ƙasar Zazzau, dogo, mai yawan dariya. Daga wannan wando muka zama abokai. Duk Lahadi, in ya taso daga coci, sai in rufe shago mu kama hanya, wani mako ta Wudil, wani mako ta Bichi. Ba ciniki ke kai mu ba, ba gaisuwa ba. Mu sha iska, mu sha fura inda muka samu, mu juyo.

A lokacin Baba ya yi wata jinya da ta taɓa masa ƙafa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana fatauci da jakuna, sai ga shi daga ɗaki sai zaure. Asalinsa wani ƙauye ne a wajen Gezawa, ya kuma daɗe rabonsa da can.

Wata Lahadi da kaka, Malam ya shigo zaure gaishe shi kafin mu fita. Baba ya ce, "Yau ina kuka nufa?"

"Hanyar Gezawa, Baba."

"Dawa ta nuna a can?"

"Ai har ta sunkuyar da kai," in ji Malam.

Baba ya dube ni. "Miƙo mini hulata."

Inna ta leƙo daga cikin gida tana salati. "Maigida, da wace ƙafar?" Baba ya ce ai ba shi zai taka ba. Da ta ga ba zai fasa ba, ita da kanta ta ɗauko matashi, abokina ya ɗaure shi a kan kariyar kekena.

Muka ratsa Sabon Gari, mutane suna ta dawowa daga coci da kwalliyarsu, Baba ya damƙe mini riga yana cewa, "Sannu-sannu, kar ka zubar da ni gaban jama'a." Amma da muka bar gidaje a baya, gonaki suka buɗe hagu da dama, sai na ji hannunsa ya saki. Can ya zungure ni. "Wai iyakar gudunka ke nan?"

Na taka har numfashina ya ƙare. Malam ya karɓi Baba a kan kekensa, ni kuwa na bi su a baya ina jin muryar Baba tana tashi, yana nuna masa itatuwa, yana ba shi labarin inda ayari ke yada zango.

Ba mu kai ƙauyen ba. A bakin wata gona Baba ya ce a tsaya. Muka sauke shi, ya dogara da kafaɗata, ya karya karan takanɗa ya fara sha. Sai ga mai gonar, wani tsoho, ya taho da faɗa. Da ya matso, ya tsaya yana kallon Baba, sannan ya kira shi da wani sunan yarinta da ni ban taɓa ji ba. Ashe tare suka yi kiwon awaki. Suka zauna a gindin ɗorawa, suna tambayar juna wa ya rage, wa ya rasu. Aka kawo mana dafaffiyar gyaɗa. Da la'asar ta yi muka yi salla, Malam yana gefe yana ba tayata iska.

Na ce mu ƙarasa ƙauye, Baba ya ce a'a, ya ga abin da ya zo gani.

A hanyar dawowa ya yi barci, kansa a bayana, sai na riƙa tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan ina tallafe da shi. Washegari ya tashi da ciwon ƙugu, Inna ta yi ta mita tana gasa masa. Bai hana shi aika a kira maƙwabta su zo zaure su ji labari ba, kuma a bakinsa, ni ne na kusa kayar da shi, Malam ne ya iya tuƙi.