Amyar da Ta Rage wa Hilmi

A ƙauyenmu na bayan garin Ardahan, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu, kowa ya san Hilmi mai zuma, mutumin da tausayi ya hana shi zaman lafiya. Lokacin da ya gaji mahaifinsa, amyoyi sun cika bayan gida. Cuta ta ci wasu, sanyi ya ci wasu, har aka wayi gari saura guda ɗaya. Ƙudan zuman cikinta su ne masu ruwan toka, masu sanyin hali, tsatson waɗanda kakansa ya kiwata. In suka mutu, irin ya ƙare ke nan.

Ƙa'idar hunturu ba ɓoyayya ba ce. Ka kwaɓa garin sukari da zuma ya yi tauri, ka ɗora a saman saƙar zuma daidai inda ƙudan suka dunƙule, ka rufe, ka kama gabanka. Hilmi ya yi duk wannan, kama gaban ne ya gagare shi. Kullum sai ya keta ƙanƙara ya je ya kara kunne a jikin katakon amyar.

Tsakiyar hunturu rana ta fito na 'yan kwanaki, har rufin gidaje ya fara ɗiga. Hilmi ya ɗora ruwan sukari a wuta.

"Wa za a ba wannan?" matarsa Gülizar ta tambaya tana zuba shayi.

"Muryarsu ta yi ƙasa. Yunwa suke ji."

"Hutawa suke, tsoho, kai ne ba ka iya hutu ba. Ruwa a wannan lokaci? Da babanka na da rai, da ko murfin ba ka taɓa ba."

"Ɗan kaɗan ne, Gülizar."

Ya je ya ɗaga murfi, ya ture kwaɓin sukarin gefe don kwalbar ruwan ta samu wuri. Ƙudan suka sha ruwa mai ɗumi, suka ɗauka lokacin furanni ya yi, uwarsu ta zuba ƙwai. Sai sanyi ya dawo, ya fi na da. Shi kuwa ƙudan zuma ba ya tashi daga kan ƙwai cikin sanyi, ko yunwa za ta kashe shi. Hilmi ya fi kowa sanin haka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Buɗewa kuma ba dama, iska kaɗai ta isa ta gama da su. Ya ci gaba da zuwa yana saurare, muryar tana raguwa.

Ranar da ya ƙwanƙwasa bai ji amsa ba, ya ɗaga murfi. Suna nan tsibi guda a mace a kan ƙwan, wasu sun cusa kai cikin ramukan saƙa da ba komai. Kwaɓin yana inda ya ture shi, tazarar tafin hannu, ko lasa ba a yi ba.

Gülizar ta biyo shi da mayafi, ta leƙa. Baƙin ciki ya zaunar da shi a kan ƙanƙara.

"Ga abincin nan fa kusa da ku," ya ce musu a hankali.