Shekarar da Matata Ba Ta Shuka Citta Ba

A watan Maris matata ta gano ƙullutun. Tana wanka ta ji shi a gefen nononta na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata. Ba ta faɗa mini ba sai bayan kwana tara, muna cin tuwon acca, da irin muryar da take cewa gishiri ya ƙare.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a sakandare a nan Kafanchan, kuma ba a taɓa zargina da rashin abin faɗa ba. Ranar nan na ce, "To." Na ƙarasa tuwona.

Ba mu kira sunan ciwon ba. Mata biyu a zumuntar matan cocinmu da haka suka fara, kuma matata na cikin waɗanda suka yi jinyarsu har ƙarshe. Ta san yadda abin ke tafiya. A farkon Afrilu likita ta yanke ƙullutun, ta ce za a aika da shi Jos a duba, mu dawo bayan mako uku.

Cikin makonnin nan aka yi ruwan farko. A ƙasarmu ruwan farko na nufin citta, kuma matata manomiyar citta ce tun kafin in san ta. Irin cittarta wanda ake kira tafin giwa ne, daga hannun mahaifiyarta ta gaje shi. Da wata cutar citta ta ruɓar da gonakin mutane, nata na cikin 'yan kaɗan da suka tsira. A shekarar nan ko ɗan'uwanka ba ya ba ka iri.

Wata safiya ta ce, "Malam, wanda ya shuka a Afrilu yana sa ran tono a Disamba ne."

Na ce haka ne.

"Na kira ƙanwata ta zo ta kwashe irin."

A wurinmu, idan mutum ya ji tafiyarsa ta kusa, yakan raba abin hannunsa da kansa. Abin da aka bayar a haka ba ya komawa. Mai bayarwa ba ya tambaya, mai karɓa ba ya mayarwa, don mayarwa ƙin albarka ne. Na san wannan sarai. Na kuma san sakamako bai fito ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina hana yara amsa tambaya kafin su karanta ta har ƙarshe, amma ban buɗe baki ba.

Ƙanwar ta zo daga ƙauyensu kusa da Nok da wata tsohuwar akori-kura. Tun aurenmu take kirana mijinta, irin wasan nan.

"Mijina, ka tsaya kamar allon makaranta. Kama buhu mana."

"Na yi ritaya daga ɗaukar kaya."

"Yaushe ka fara?"

Na kama. Har aka gama lodi ba ta dubi fuskar yayarta ba.

Ranar sakamako likita ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Baba, kuna da kare a gida?"

Na ce muna da biyu, kuma babu gida a layinmu da ba shi da ko ɗaya.

Ta ce ba ciwon daji ba ne. Tsutsa ce, siririya kamar zare, wadda asalinta a jikin kare take rayuwa. Sauro ya ciji kare, ya ɗauko 'ya'yanta, ya zo ya ciji mutum. A jikin mutum ba ta iya yaɗuwa, sai jiki ya kewaye ta da tsoka ya tsare ta a wuri ɗaya. Tun da an cire, magana ta ƙare. Ta ce mu nemi likitan dabbobi ya duba karnukan, mu riƙa kwana cikin gidan sauro.

Matata ta ce, "Tsutsar kare."

"E, Mama."

"Wato ba zan mutu ba."

"Ba da wannan ba dai."

Na jira in ji murna ta zo. A keken haya mai ƙafa uku na jira ta, a gida na jira ta. Matata ta sa mai keke ya tsaya ta sayi tumatir. Ranar Lahadi fasto ya nemi ta tashi ta ba da shaida, ta ce ta gode wa Ubangiji, amma ba za ta tsaya gaban jama'a ta yi bayanin tsutsar kare ba.

Damina ta kankama. Maƙwabta suna rufe gonakinsu da ciyawa, tamu tana fitar da tata ciyawar da kanta. Matata takan tashi da asuba kamar kullum, ta ɗaura zanen gona, sai ta zauna a baranda.

A tsakiyar Mayu na hau mota zuwa Nok, na ƙarasa a babur. Na iske ƙanwar a gona. An shuke irin duka, an rufe, har ya fara tsiro.

"Yaya ce ta aiko ka?"

"A'a."

"To, aurena ka zo nema ke nan. Ka makara."

Na ce gona na zo gani. Muka tsaya muna kallonta.

Can ta ce, "Ka san ko na ɗauka a kaina na kai mata, ba za ta karɓa ba."

"Na sani."

"Amma duk wadda ta taya ni tono tana da rabonta. Wannan ba kyauta ba ce, gumi ne. Ka faɗa mata bayana na ciwo."

"Yana ciwon?"

"Kafin Disamba zai fara."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni.  A Disamba matata ta tafi, ta yi kwana huɗu tana tono a gonar ƙanwarta tare da sauran mata, ta dawo da daro biyu, daidai da na kowa.

Na tambaye ta ko zai isa.

Ta ce zai isa kusurwa ɗaya ta gonar, ta wajen rafi.