Famfon Sola da Albasar Malam Sale

A gidanmu na Madabo, da an ɗauke wuta bayan magariba murna muke yi, don mun san kakarmu Inna Yalwa za ta jawo murhun gawayi tsakar gida ta ɗora ɗumame. Sai mu jikoki mu kewaye ta, kowa da kwanonsa. Mace ce mai faɗa, kana motsi za ta kwaɗa maka mafici, amma wajen tatsuniya ba ta da na biyu.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wani mai lambu da jan ruwa ya karya wa baya. Ya ɗaga kai ya zagi Rana, wai tana zaune tana ƙona masa shuka. Rana ta ce to ya miƙo igiyar. Ta kama ja tun hantsi, ruwa na malala, gogan ya miƙe a inuwa yana cika baki. Bai ce ta tsaya ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kafin sati rijiyarsa ta ƙafe, ta maƙwabcinsa ta bi.

"Inna, ai laifin Rana ne," in ji ni.

"Kai dai kan kakanka ka ɗauko," ta ce. "Ita aiki aka ba ta. Wa ya kamata ya ce mata ya isa?"

Muka yi dariya, muka cinye ɗumamenmu.

Bayan rasuwarta da shekaru na gaji lambun mahaifinmu a bayan gari. Tsadar fetur ta sa na jingine injin ban-ruwa, aka kafa mini sola da famfo. Wallahi na ji daɗi. Da, ƙarewar mai ke sa in kashe inji. Yanzu ba abin da ke ƙarewa, sai na bar famfo yana zuba tun safe har la'asar, har inda ba a bukata.

Malam Sale, dattijon da lambunsa ke jikin nawa, da guga yake ban-ruwa daga 'yar rijiyarsa. Kullum muna gaisawa, bai taɓa yi mini maganar ruwa ba. Ran da na leƙa na ga ya ƙara wa igiyarsa tsohon rawani, gugan na fitowa da laka, albasarsa duk ta kwanta, kunya ta rufe ni. Ashe ni ne gogan nan na inuwa.

Na kira wanda ya kafa mini solar. Ya ce da ƙasa ta jiƙu in kashe famfo, ragowar wutar kuma a haɗa ta da layin da ke kai wa gidajen kusa. Haka aka yi. Sannu a hankali ruwa ya dawo rijiyar Malam Sale, amma rabin albasarsa ta riga ta tafi.

Na je ba shi haƙuri. Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ci gaba da tsinke busasshen ganye, bai ɗago ba.

"Na ga kana murna ne, ɗana. Mahaifinka har ya koma ga Allah bai taɓa hutawa a lambun nan ba."