Zaren da Ya Kwanta Hagu

Gwaggo Mai Allura, kamar yadda unguwa ke kiranta, ta shekara talatin tana koyar da ɗinkin gicciye, adon da ake gitta zare kan zare, a wani ƙaramin shago kusa da gidanmu. Ƙa'idarta ba ta canzawa: kada zare ya wuce kamu ɗaya, kada a yi ƙulli a bayan ƙyalle, kuma zaren sama duk ya kwanta dama. 'Yata, kafin rasuwarta, ta yi shekara biyu a wurinta.

Bayan wata huɗu da rashinta na ɗauko rigar matashin kai da ta bari rabi, na ƙara furanni uku, na kai wa Gwaggo ta duba. Ta shafa ƙyallen da yatsa.

"'Yar'uwa, aikinki ya yi tsaf, amma ba nata ba ne. Ita zarenta hagu yake kwantawa. Na yi faɗa har na gaji, sai ta ce, 'Gwaggo, ai furen bai kai ƙara ba.' Bar min shi, na san hannunta."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa kishi ne ya turnuƙe ni. Ni na haifi hannuwan nan, na wanke su, na yanke musu farce, amma wata ce ta san yadda suke aiki, har da barkwancin da ban taɓa ji ba.

"A'a," na ce. "Nuna min kawai."

Ta matsa min a benci. Na warware furannina uku, na fara kwantar da zare hagu.